Ɗauko Iyali Zuwa Amurka: Wa Doka Ta Yarda da Shi, Kuma Ta Ina Ake Farawa

Duk wanda ya samu takardun zama a Amurka, ko a Bronx yake cikin 'yan zangon Gana, ko a Greensboro inda mutanen Nijar suka yi yawa, ba ya daɗewa saƙonnin gida suke fara shigowa. Yaushe za ka ɗauko ƙaninka? Hajiya fa, haka za ka bar ta? Masu tambayar gani suke wanda ya shiga, makullin ƙofar a aljihunsa yake. Ƙofar kam akwai ta. Tun daga gyaran dokar shige da fice na 1965, wanda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu, dangantaka ce babbar hanyar samun katin zaman dindindin da ake kira girin-kad. Ga 'yan Najeriya ma ta fi nauyi, tunda an cire su daga cacar biza ta shekara-shekara tun zagayen 2015, yayin da mutanen Nijar da Gana da Kamaru suka ci gaba da shiga. Sai dai dokar tana da nata lissafin dangi, kuma ba irin na gidajenmu ba ne. Abin da ta gani a takarda shi ta sani. Wanda ya gane wannan tun farko ya rage wa kansa asarar kuɗi da ta shekaru.

Su wa ake iya nema wa

Kafin a tambayi wa za a ɗauko, sai a tambayi matsayin mai ɗaukowar. Ɗalibi, ko mai bizar aiki, ko wanda ke jiran a duba maganarsa ta neman mafaka, duk ba su da ikon nema wa kowa zaman dindindin ta wannan hanya. Mutum biyu ne ke da shi: wanda ya zama ɗan ƙasa, da mai riƙe da girin-kad. Tsakanin biyun kuma akwai tazara babba.

Ɗan ƙasa yana da mutanen da doka ta ɗauka a matsayin na jikinsa: matarsa ko mijinta, 'ya'yansa marasa aure da ba su kai shekara 21 ba, da iyayensa, muddin shi kansa ya cika 21. Waɗannan ba a ƙayyade musu adadi a shekara ba, don haka ba sa shiga layin jiran gurbi. Abin da za su jira shi ne aikin ofis kawai, wanda shi ma yakan ci shekara ɗaya zuwa biyu, wani lokaci ya wuce.

Sauran dangi rukuni-rukuni aka kasa su, kowane da rabonsa na shekara. Rukunin F1 na 'ya'yan ɗan ƙasa ne da suka kai 21 ba su yi aure ba, gurbi 23,400. F2 na masu girin-kad ne, gurbi 114,200, an raba shi biyu: F2A na mata ko miji da ƙananan yara, F2B na manyan 'ya'ya marasa aure. F3 na 'ya'yan ɗan ƙasa masu aure, shi ma 23,400. Na ƙarshe, F4, na yayye da ƙannen ɗan ƙasa, gurbi 65,000 ga duniya baki ɗaya. Lissafin ya tsaya a nan. Babu kaka, babu baffa ko goggo, babu ɗan wa ko ɗan ƙane, babu suruki, babu ɗan'uwan shayarwa. Mai girin-kad kuwa ba ya iya nema wa iyayensa, ko ƙannensa, ko ɗansa mai aure, har sai ya zama ɗan ƙasa.

Masu neman sun ninka guraben, shi ya sa layi ya yi tsawo. A shekarun baya-bayan nan mutanen ƙasashenmu suna jiran kimanin shekara takwas ko tara a F1 da F2B, fiye da goma a F3, fiye da goma sha biyar a F4. Mutanen Mekziko da Filifins nasu jiran ya fi haka muni, saboda ba a bai wa ƙasa ɗaya fiye da kashi 7 cikin ɗari na guraben. Ranar da hukumar shige da fice ta USCIS ta karɓi takardar nemanka, ita ce ranar shigar ɗan'uwanka layi. Kamar ajiye ƙwarya ne a layin injin niƙa: kana iya tafiya harkokinka, ƙwaryar na riƙe maka wuri, amma wanda bai ajiye ba ba shi da abin faɗa in an zo kansa. Kowane wata Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka tana fitar da sanarwa mai suna Visa Bulletin, wadda ke nuna ranar da aka iso a kowane rukuni. Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru duk suna cikin ginshiƙin farko, na sauran ƙasashen duniya.

Mutane da yawa in suka ji shekara goma sha biyar sai su ce ai ba amfani. A ganina kuskure ne. Shekarun za su wuce ko an nema ko ba a nema ba, kuma F4 tana da wata falala: in lokaci ya yi, ƙanin naka zai taho da matarsa da 'ya'yansa marasa aure da ba su kai 21 ba.

Akwai kuma dabarar da ba ta saɓa wa doka. Rukunin na jiki ba ya jan kowa a baya. In ka nema wa mahaifiyarka, ita kaɗai za ta taho. Autanta mai shekara goma sha biyu ba zai biyo ta a kan takardar ba, mahaifinka ma sai an cike masa tasa daban. Amma da zarar ta sauka ta zama mai girin-kad, ita ma tana da ikon nema wa 'ya'yanta marasa aure, ƙanana a F2A, manya a F2B, kuma duka biyun sun fi F4 sauri nesa ba kusa ba. Doka ba ta hana mutum ɗaya ya kasance da nema biyu ba. Ka shigar da naka, ita ma ta shigar da nata, wanda ya riga isowa a bi shi. Abin kiyayewa kawai shi ne aure. Yarinyar da ke F2B in aka ɗaura mata aure alhali mahaifiyar ba ta zama 'yar ƙasa ba, neman ya mutu nan take, shekarun da aka jira sun tafi. Wanda ke F1 in ya yi aure ba ya faɗuwa, amma ya koma F3 mai tsawon layi. Wannan magana ce da ya kamata a zauna a yi ta a gida ƙarara, domin ba kowace yarinya ce za a ce ta zauna shekara tara tana jiran biza ba, kuma bai kamata a ce ɗin ba.

Yaron da ke dab da 21 shi ma abin lura ne. Dokar kare matsayin yara ta 2002 ta daskarar da shekarun ɗan wanda ya zama ɗan ƙasa a ranar da aka shigar da takarda. A sauran rukunan kuwa wani lissafi ake yi, a debe tsawon lokacin da takardar ta yi a hannun hukuma daga shekarun yaron. In ɗanka yana wannan gaɓa, ka nemi lauyan shige da fice ya yi maka lissafin.

Inda al'adarmu da dokarsu suke karo

Ka'idar farko mai sauƙi ce: auren da ya halatta a inda aka ɗaura shi, Amurka ta yarda da shi. Auren masallaci ko na ƙofar gida, da waliyyi da sadaki da shaidu, aure ne, ba sai an je rajista an sake wani ba, muddin akwai takardar shaida daga hukumar da ƙasar ta amince da ita. Amma akwai wurare huɗu da mutanenmu suke tuntuɓe.

Na ɗaya, ɗaurin aure da wakili. A wurinmu ba wani abu ba ne ango yana New York a ɗaura masa aure a Zariya ko Maraɗi, baffansa ya karɓa masa. Dokar Amurka ba ta lissafa auren da aka ɗaura ba tare da ango da amarya suna wuri ɗaya ba, sai in sun sadu a matsayin miji da mata bayan ɗaurin auren. Zaman da aka yi kafin ranar ba ya shiga lissafi. Saboda haka kada ka yi gaggawar cike fom washegarin ɗaurin aure. Ka je gida tukuna a tare, ka adana tikitin jirgi da hatimin shiga da fita na fasfo da hotunan biki, sannan ka nema.

Na biyu, mace fiye da ɗaya. Doka ta hana shiga ga duk wanda zai je ya ci gaba da zama da mata biyu ko fiye, kuma auren da aka ɗaura alhali na farko yana nan ba a ɗauke shi aure ba. Uwargida kaɗai ake iya nema wa. Wasu sukan yi sakin takarda, su nema wa amarya, alhali kowa a unguwa ya san uwargida tana ɗakinta. Jami'an ofishin jakadanci sun san wannan wasa tun kafin a haifi wasu masu yin sa, kuma suna da sashen bincike. 'Ya'ya kuwa maganarsu daban ce. Uba yana iya nema wa 'ya'yansa na kowane ɗaki in ya tabbatar da cewa nasa ne kuma ya riƙe su a matsayin uba. Haka 'yan uba suna shiga F4 kamar shaƙiƙai, sai dai za a nemi ƙarin takardu a kan mahaifin da iyayen mata biyu.

Na uku, saki. Duk wanda ya taɓa aure, namiji ko mace, sai ya nuna yadda kowane auren baya ya ƙare, da takardar kotu ko takardar mutuwa. 'Yar guntuwar takardar da miji ya rubuta da biro ya miƙa ba za ta wadatar ba. A kai ta kotu a samo shaidar hukuma. A duba ranaku kuma da kyau. In takardar saki ta nuna ranar da ta biyo bayan sabon aure, a idonsu sabon auren bai ɗauru ba. Wanda kuma ya rabu da matarsa alhali dukansu a Amurka suke zaune, hukuncin kotun can zai kawo.

Na huɗu shi ne riƙo, kuma shi ya fi ciwo. Mace ta ɗauki 'yar ƙanwarta tun daga yaye, ta raine ta, ta sa ta makaranta, yarinyar ba ta san wata uwa ba. A dokar Amurka ba 'yarta ba ce, sai in kotu ta mayar da ita 'yarta ɗungurungum kafin ta kai shekara 16, kuma sun zauna tare shekara biyu tana hannunta bisa doka. Kafala ta shari'ar Musulunci, wadda ba ta yanke nasabar yaro da iyayensa, ba ta cika wannan sharaɗi. A nan ne shaiɗan ke raɗa wa mutane su yanko takardar haihuwa da sunansu. Kada a yi. Jami'i yana iya ba da shawarar a yi gwajin DNA, a ɗakin gwajin da ƙungiyar AABB ta amince da shi, a ɗauki samfurin yaron ƙarƙashin kulawar ofishin jakadanci. In sakamako ya fito saɓanin abin da aka rubuta, ba maganar yarinyar kaɗai ce ta lalace ba, har ta 'ya'yan cikin ma sai an sake kallonta da zargi. Abin mamaki, agola ya fi ɗan riƙo gata a wannan doka: ɗan matarka ko ɗan mijinki yana shiga lissafin 'ya'ya in an ɗaura aurenku kafin ya kai 18.

Auren zumunci tsakanin 'ya'yan wa da ƙane shi ma a bincika, domin wasu jihohin Amurka sun hana shi, kuma ana duba dokar jihar da ma'auratan za su zauna. Auren yarinyar da ba ta kai 18 ba kuwa bincike mai tsanani ake yi masa.

Aikin kansa

Ana farawa da fom I-130, wanda mai nema zai aika wa USCIS ta intanet ko ta gidan waya, mutum ɗaya fom ɗaya. In mata ko miji ake nema wa, akwai ƙarin I-130A. Daga Afrilun 2024 kuɗinsa dala 625 ne ta intanet, 675 a takarda. Kuɗin yakan canja, sai a duba shafin hukumar kafin a biya. Ana haɗa shi da shaidar matsayinka, wato fasfo na Amurka ko takardar zama ɗan ƙasa ko girin-kad, da shaidar dangantakar. Duk takardar da ke cikin Hausa ko Larabci ko Faransanci sai an haɗa ta da fassarar Turanci wadda mai fassarar ya sa wa hannu.

Kafin ka taɓa fom ɗin, ka tara takardun wanda za a nema wa a kan tabarma ɗaya ka karanta su a jere: takardar haihuwa, fasfo, katin ɗan ƙasa, sakamakon makaranta, takardar aure. Sau da yawa za ka tarar da Muhammadu a nan, Mohammed a can, Mamman a wata. A wata sunan uba ne a ƙarshe, a wata sunan gari. Ranar haihuwa kuma an rage shekara biyu lokacin jarrabawar sakandare, an mayar da ita 1 ga Janairu lokacin yin fasfo. A gida ba wanda ya damu. A can kowane saɓani tambaya ce, kowace tambaya kuma watanni ne. A Najeriya takardar haihuwar da ake so ita ce ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda kuma take ba manya da ba a yi musu rajista ba takardar tabbatar da haihuwa. Takardar da aka yanka jiya ga mutum mai shekara talatin ba ta da ƙarfi ita kaɗai, sai a tallafe ta da tsofaffin shaidu: katin asibiti, rajistar firamare, rantsuwar dattawan da suka halarci suna.

Ka tambayi ɗan'uwan naka kuma, tsakaninsa da Allah, ko ya taɓa neman bizar Amurka, da abin da aka rubuta masa a lokacin. Ejan-ejan na cike fom sun saba rubuta wa saurayi cewa yana da mata da 'ya'ya biyu don a ga zai dawo. Wannan bayani yana nan a kwamfutarsu tare da hoton yatsunsa. Ƙarya a kan abin da ke da tasiri wajen ba da biza tana jawo haramcin shiga na har abada, yafiyarta kuma ƙunci gare ta. In akwai irin wannan tabo, lauya za a fara gani kafin fom.

Ga ma'aurata, takardar aure ba ta isa ba. Ana son a ga cewa auren na zama ne. Hotuna tare da dangin ɓangarorin biyu, shaidar kuɗin cefane da ake aikawa, tarihin kira da saƙonni, ziyarce-ziyarce, takardun haihuwar yara. Auren biza laifi ne da hukuncinsa ke kaiwa ɗaurin shekara biyar da tarar dala 250,000, kuma wanda aka samu da shi ba za a sake amincewa da wani nema dominsa ba, ko da daga baya ya yi auren gaskiya.

In USCIS ta amince, fayil ɗin yana wucewa Cibiyar Biza ta Ƙasa da ke Portsmouth a jihar New Hampshire, wadda ake kira NVC. Na jiki suna ci gaba kai tsaye, masu layi kuma fayil ɗinsu yana kwance har ranarsu ta kusa. A nan ake biyan dala 325 na biza da 120 na duba takardar ɗaukar nauyi, a cike fom DS-260 ta intanet, a ɗora takardu, har da shaidar 'yan sanda ga duk wanda ya kai shekara 16. In ka canja adireshi ko imel a shekarun jira, ka sanar da su. Wanda aka aika wa sanarwa ya yi shekara guda bai motsa ba, ana iya soke rajistarsa, kuma an yi mutanen da suka rasa jiran shekara goma saboda akwatin imel da suka manta kalmar sirrinsa.

Takardar ɗaukar nauyi, fom I-864, ita ce mutane suke sa wa hannu ba tare da sun karanta ba, alhali yarjejeniya ce tsakaninka da gwamnati wadda kotu ke iya tilasta maka cikawa. Dole kuɗin shigarka ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na tarayya, gwargwadon yawan mutanen gidanka har da mai zuwan. A 2025 wannan ya kama dala 26,437 a shekara ga gidan mutum biyu, 40,187 ga gidan mutum huɗu, a yawancin jihohi. Da takardun haraji ake tabbatarwa. A nan direban tasi ko mai shago da ya saba rage abin da yake bayyana wa hukumar haraji yake gane cewa ya yi wa kansa. In kuɗinka bai kai ba, kana iya kawo kadara, ko wani ɗan ƙasa ko mai girin-kad ya tsaya tare da kai. Wanda aka roƙa ya tsaya ɗin ya san abin da yake ɗauka: nauyin ba ya sauka sai wanda aka kawo ya zama ɗan ƙasa, ko ya yi aikin da ya kai kimanin shekara goma yana biyan haraji, ko ya bar ƙasar ya ajiye katinsa, ko ɗayansu ya rasu. Saki ba ya sauke shi. Matar da ka kawo kuka rabu tana iya kai ka kotu a kan wannan takarda ta yi nasara. Dole ne kuma mazauninka ya kasance a Amurka; ɗan ƙasar da ya koma Kano da zama sai ya nuna cewa zai dawo kafin iyalin ko tare da su.

Bayan haka sai gwajin lafiya wurin likitan da ofishin jakadanci ya zaɓa, ba likitan da ka ga dama ba, da allurar rigakafi da binciken tarin fuka. Sannan ganawa. A Najeriya bizar zaman dindindin a ƙaramin ofishin jakadanci na Legas ake yin ta, ba Abuja ba, don haka mutumin Sakkwato ko Maiduguri ya tanadi kuɗin hanya da masauki. Na Gana Akara, na Kamaru Yawunde. A je da asalin kowace takarda. In tsohuwa ce ba ta jin Turanci, a bincika tsarin tafinta na ofishin tun da wuri. Shawara ɗaya ce a kan ganawar: abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Amsar da aka haddace ta fi kowace saurin karyewa. In aka miƙo takarda mai lamba 221(g), ba ƙi na ƙarshe ba ne, ana neman ƙarin shaida ne ko ana ƙarin bincike.

Wanda yake cikin Amurka ya riga ya shiga da biza yana iya gyara matsayinsa a can da fom I-485, dala 1,440. Ga na jikin ɗan ƙasa, wuce wa'adin biza ba ya hana wannan; ga masu layi yakan hana. A kula da tarkon dokar 1996: wanda ya zauna ba izini fiye da kwana 180 sannan ya fita, an rufe masa ƙofa shekara uku, in ya kai shekara guda kuma, goma. Kada mai irin wannan matsala ya hau jirgi zuwa ganawa a gida kafin ya ji ta bakin lauya. Haka kuma karɓar bizar ziyara da niyyar in an shiga a zauna, shi ma ƙarya ce a wurin jami'i.

Siyasa tana iya rufe ƙofar

Tushen abin da aka faɗa a sama doka ce ta majalisa, amma shugaban ƙasa yana da ikon dakatar da shigar mutanen wata ƙasa. A ƙarshen Janairun 2020 Donald Trump ya dakatar da bizar zaman dindindin ga 'yan Najeriya, Joe Biden ya soke umarnin ranar 20 ga Janairun 2021. A Yunin 2025 wani sabon umarni ya rufe wa ƙasashe goma sha biyu ƙofa, cikinsu har da Chadi da Sudan. A Disambar shekarar aka faɗaɗa shi, Nijar da Mali da Burkina Faso suka shiga jerin haramci cikakke, Najeriya ta shiga jerin da aka dakatar wa bizar zaman dindindin da ta ziyara da ta karatu. Irin wannan umarni yakan zo ya tafi da canjin gwamnati ko hukuncin kotu, saboda haka kafin a kashe kuɗin gwajin lafiya ko a sayar da gona, a duba shafin ofishin jakadanci a ga halin da ake ciki a ranar. Ga mai layin shekara goma ko goma sha biyar dai, ban ga dalilin fasa shigar da takarda ba, tunda gwamnati uku ko huɗu za su wuce kafin a zo kansa.

Bayan an sauka

Bizar zaman dindindin da aka bayar ba ta wuce wata shida, wani lokaci ma ƙasa da haka saboda wa'adin gwajin lafiya. A biya dala 235 na buga kati kafin a tashi. Hatimin da za a buga a filin jirgi yana zaman girin-kad na shekara guda kafin katin ya iso ta gidan waya. In auren bai kai shekara biyu ba a ranar shiga, katin shekara biyu za a bayar, kuma dole ma'auratan su cike fom I-751 cikin kwana 90 na ƙarshe kafin ya ƙare. Matar da mijinta ke dukanta ko yake mata barazana da takardu ta sani cewa doka ta ba ta hanyar nema ita kaɗai ba tare da sa hannunsa ba. Bayan shekara biyar ana iya neman zama ɗan ƙasa, uku ga wadda ke zaune da miji ɗan ƙasa.

Maganar iyaye ita ce ta fi buƙatar a yi wa kai gaskiya. Girin-kad na mazauni ne, ba na mai ziyara ba. Wanda ya yi fiye da wata shida a waje zai sha tambayoyi a filin jirgi, wanda ya wuce shekara ana iya ɗauka ya yi watsi da zamansa, sai in ya karɓi izinin dawowa da fom I-131 kafin ya fita, wanda ke kaiwa shekara biyu. Dattijon da ya saba da masallacin ƙofar gida da zaman majalisa bayan la'asar, in aka kulle shi a bene na goma cikin sanyin Janairu, 'ya'ya sun tafi aiki, jikoki ba sa jin Hausa, wata uku ya isa ya fara tambayar ranar komawa. Ga tsadar asibiti, tunda sabon zuwa yakan jira shekara biyar kafin ya cancanci yawancin tallafin tarayya, nauyin inshorarsa a wuyanka yake. Kafin ka biya ko dala ɗaya, ka kira Hajiya ko Baba ka tambaye su ƙarara ko zama suke so su yi ko ganin jikoki. In ganin jikoki ne, bizar ziyara za a nema musu idan ƙofarta a buɗe take, a bar maganar I-130.